Matashin da ke Cikin Kabewa

Shekara talatin da ɗaya Desley Krause ta yi tana haɗiye maganar nan. Ba ta taɓa furta ta ba sai ranar da Merv Tuckett ya kira ta rumfarsa ta zo ta ga ƙaramar motar da yake haɗawa.

Tun da Merv ya ajiye kanikanci ba shi da aiki sai tara ƙananan motoci, irin waɗanda ba su wuce tafin hannu biyu ba. Sun haura ɗari huɗu, jere cikin akwatunan gilashi, kuma wanda duk ya kai hannu zai ji ashar. Amma kantar sama daban take. Nan motocin ƙungiyarsu suke, kuma ba saye ya yi ba, don wane kamfani ne zai ɓata lokacinsa a kan motocin manoman garin Warwick? Da hannunsa ya haɗa su, guda shida, duk motar da suka taɓa shiga tsere da ita. Saura ɗaya, wato wadda suke kira Kabewa, motarsu ta 1993, ita ce yake son kammalawa kafin bikin cikar kulob ɗin tseren motoci na garin shekara hamsin.

Ƙungiyar kuwa mutum uku ne: Lyall, wan Desley, manomin kabewa, Merv, sai marigayi Barry Noonan mahauci. Shekara goma sha tara suna shiga tseren awa shida da ake yi duk Nuwamba a filin bayan gari, suna karɓa-karɓar tuƙi, sau biyar kacal suka ga ƙarshensa. Akwai shekarar da tayar baya ta kwance ta wuce Lyall a guje, yana kallonta yana tausaya wa mai ita. Wannan fa ita ce ƙungiyar, amma ka kuskura ka raina ta a gaban ɗayansu ka ga tashin hankali.

Desley ta sunkuya ta duba. Kabewa ce sak, da fentinta ruwan lemo, da lamba arba'in da bakwai, har da lotsewar gefen hagu. A ƙofa an rubuta sunaye da ƙananan haruffa: Lyall, Merv, Barry.

"Ina nawa?" ta ce.

Merv bai ɗago ba. "Babu shi a ƙofar, Des."

"Na san babu shi a ƙofar, tsohon banza. Ai shi ya sa nake tambaya. Wa ya tsallake layin ƙarshen tsere da motar nan?"

"Ke."

"To?"

"To, ba na ƙarya a kantata. Yadda mota ta tsallake layi, haka nake yin ta. Tabon mai ma ban ƙara ba, ban rage ba."

Haka Merv yake, kai kamar dutse. Ya taɓa wargaza motar da ya yi wata huɗu yana haɗawa don ya gano a hoto cewa madubinta baƙi ne ba ja ba.

Abin da ya faru a 1993 kuwa, da safiyar tseren ne ciwon ciki ya kayar da Barry aka wuce da shi asibiti. Doka ta ce sai da direba uku. Desley tana nan a gefe da agogon lissafi da kwandon burodi, aikin da aka saba ba ta ke nan, alhali tana da lasisin tsere tun kafin Barry ya iya juya sitiyari. Aka ruga wurin alƙalai aka sa hannu, suka yarda. Amma wa ke da lokacin fenti? Sunan Barry ya zauna a ƙofa. Ita ta ɗauki awa biyun ƙarshe, cikin zafin da ya sa kwalta ta yi laushi, ta karɓi mota tana ta bakwai a rukuninsu ta kawo ta ta uku. A shekara goma sha tara, ranar kaɗai suka taɓa riƙe kofi.

Hoton da ke rataye a kulob kuwa na gefen motar ne, direba cikin hular kwano, sunaye uku raɗau. Tsofaffin da suka gani da idonsu suna ta mutuwa. Sababbin mambobi sukan tsaya gaban hoton su ce, kai, Barry Noonan ya yi tuƙi. Sau biyu Desley ta ji wannan da kunnenta tana riƙe da butar shayi.

"Goge nasa ka sa nawa," ta ce.

Nan Merv ya ajiye burushi. "Barry ya yi shekara yana gyaran motar nan bai ɗana ta ba. Kuka ya yi a gadon asibiti, ni na gan shi. Ba zan goge shi ba."

"To ƙara nawa a ƙasa. Harafi shida ne, Merv."

"Babu shi a ƙofar."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ba kofin ya dame ta ba, yana can kan firjin Lyall yana shan ƙura. Abin da ke cinta shi ne motar nan za ta zauna cikin gilashi a kulob bayan su duka sun shiga ƙasa, kuma duk wanda ya leƙa zai karanta sunaye uku ya wuce. Ta ɗauki makullinta ta ce masa ya ci motocinsa, ita kam ba za a gan ta a biki ba.

Sati biyar ba ta ɗaga wayarsa ba.

Ranar bikin Lyall ya zo da rana tsaka ya yi ta danna oda a ƙofar gidanta har karnukan maƙwabta suka ɗauka.

"Ba ni zuwa," ta ce daga baranda.

"Shiga mota, Des. Gwiwata ba ta taka kuloci yau, ke za ki tuƙa."

"Da me ka zo nan, da jaki?"

"Da ƙyar na zo. In kika bar ni na koma ni kaɗai, alhakina a wuyanki."

Ta san ƙarya yake, amma ta shiga. Ta ja kujera gaba kamar kullum, don Allah bai ba ta tsawo ba, ta tuƙa su zuwa kulob.

Kulob ya cika. Hayaƙin tsiran nama da albasa ya turnuƙe rumfa, tsofaffi riƙe da gwangwanaye suna ta ƙara wa tserensu na da gishiri. A tsakiyar zaure aka ajiye akwatin Merv, motoci bakwai a jere, Kabewa a gaba. Sakatariyar kulob, wata sabuwar zuwa gari, ta buga kati ta jingina: na uku a rukuni, 1993, da sunayen nan uku. Desley ta hango katin daga nesa ta juya ta nufi teburin shayi.

Sai ga Stav Kallis yana dogara sanda. Shi ne mai gidan kifi da dankali na titin tasha a da, kuma shi ke riƙe da na uku a 1993 har saura zagaye biyu. Ya ciro gilashin ƙara girma da Merv ya ɗaure a jikin akwatin, ya kanga a tagar Kabewa, ya ƙura ido ciki. Can sai ya buga sanda a ƙasa.

"Kai! Matashin nan! Wallahi matashin nan ne!"

Mutane suka juyo.

"Wane Barry?" Ya fizge katin yana kaɗa shi a sama. "Barry da ya kai tsawon ƙofar nan zai zauna a kan matashi, kujera manne da sitiyari? Desley ce! A kwanar dam ta shige ni ta ciki, inda mai hankali ba ya shiga. Bayan tsere na je in ga ƙaton da ya yi mini wannan cin mutunci, sai ga 'yar mitsitsiyar mata ta fito rungume da matashin kujerar uwarta. Shekara talatin ina mafarkin furannin nan! Ina take? Des! Zo nan ki ga abin kunyata!"

Dariya ta ɓarke, aka dare mata hanya. Ƙafafunta suka kai ta ba da shawararta ba. Stav ya miƙa mata gilashin.

Kujerar direba an jawo ta gaba har ƙarshe. A kanta ga matashi, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, shuɗi mai furanni rawaya, gefe ɗaya a lotse inda nauyinta ya danne shi. Har da tabon shayin da mahaifiyarsu ta yi ta wankewa bai fita ba. Ta tuna hannun da ya cusa mata shi a baya ranar, ana zuba mai, Lyall na fitowa jiri na ɗibarsa. Hannun Merv ne.

Yana tsaye a bayan akwatin, idanunsa jajur, hannuwa cikin aljihu.

"Na gaya miki," ya ce. "Yadda ta tsallake layi."

"Sati uku ya yi a kan furannin nan da burushi mai gashi ɗaya," in ji Lyall. "Likita ya hana shi, ya ƙi ji."

Desley ta so ta zagi Merv, ta fasa. Alfahari ya cika mata ƙirji, irin wanda rabonta da shi tun ranar da ta ga tutar ƙarshen tsere. Ta sake kanga gilashin, ta ƙirga furannin ɗaya bayan ɗaya, don ta san in ta sami kuskure zai wargaza motar a daren nan. Bakwai ne, kamar na gaske.

Sakatariya ta matso da biro da sabon kati, kunya ta rufe ta. "Yi haƙuri, ban sani ba. Yaya ake rubuta sunan naki?"

Desley ta gaya mata harafi bayan harafi, da ƙarfi yadda na bayan zaure ma za su ji. Ta ce a bar na Barry inda yake. Sannan ta jawo kujera ta zauna a gefen akwatin, gilashin a hannunta, duk wanda ya zo wucewa sai ta tare shi.

"Tsaya, ba ƙofar za ka duba ba," take cewa. "Leƙa ciki."