Hakin Gwaggo a Gidan Rediyo

Shekara ashirin da shida Gwaggo ta yi tana karanta ƙagaggun labarai a gidan rediyo, kullum da yamma, rabin awa cur. Kowa Gwaggo yake ce mata, har shugaban tashar da ya girme ta. Ciwon gaɓoɓi ya daɗe da kama ta. Yatsunta sun karkata gefe guda kamar ciyawar da iska ta kwantar, da safe sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su riƙe kofi. In an yi mata sannu sai ta yi dariya ta ce, "Ai ba da hannu nake magana ba."

Injiniya, dattijon da ke haɗa sauti a bayan gilashi, shi ya fara lura. Wata rana bayan an kashe jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri, ya leƙo.

"Gwaggo, bene kika hau kafin ki shigo?"

"Wane bene? Ba a zaune ka tarar da ni ba?"

"To ina jin kina haki tsakanin layi da layi."

"Kunnenka ne ya tsufa, ka kai shi gyara."

Sai busasshen tari ya biyo baya, wanda ba ya jin zuma, ba ya jin ruwan zafi. Wata Laraba tana tsakiyar labarin wani matuƙin kwalekwale, numfashi ya ƙare mata kafin jimla ta ƙare. Ɗakin ya yi tsit. Bangon ɗakin da aka lulluɓe da soso ya yi nisa, jar fitilar tana lilo kamar ana kallonta daga ƙarƙashin ruwa. Ba ta ji tsoro ba. Ji ta yi kamar ita ce a kwalekwalen, an ajiye filafili, ruwa na tafiya da ita a hankali. Can nesa ta ji Injiniya ya saki kiɗa.

Washegari 'yarta Auta ta kai ta asibiti. Likita ta daɗe da abin sauraro a bayanta, sannan ta tura ta hoton ƙirji da gwajin busa iska.

"Mama," in ji likitar, "ciwon nan naki ba a gaɓoɓi kaɗai yake tsayawa ba. Wani lokaci yakan taɓa huhu, ya bar tabo. Shi ya sa iskar ba ta isar ki."

"Zai goge?"

"Wanda ya zauna ba ya gogewa. Amma za mu sauya magani mu rage masa gudu."

Auta tana share hawaye. Ita kuwa Gwaggo hoton take kallo. Gani ta yi kamar bishiyoyi biyu a gaɓar kogi da sassafe, tururi ya rufe gindinsu.

"Ashe haka cikina yake da kyau," ta ce.

Aka sallame ta da injin iska mai siririn tiyo da ake maƙalawa a hanci. Ta koma zaman gida, kujerarta a bakin taga. Da rana takan yi gyangyaɗi, injin na gurnani ƙasa-ƙasa, ta yi mafarkin mutanen labaranta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna zama a kan tabarma. Matuƙin kwalekwalen ne a gaba, ƙafafunsa jiƙe, jira kawai yake.

Bayan sati uku sai ga Injiniya da rikoda a jaka.

"Masu kiran waya sun hana mu sakat. Wai kin bar musu mutum a tsakiyar kogi."

"Da wane numfashin zan fito da shi?"

"Ki yi layi biyu ki huta. Ni zan ɗinke."

Auta ta riƙe takardar. Gwaggo ta karanta, ta tsaya, ta zuƙi iska, ta ci gaba. Abin da take gamawa a rabin awa ya ci musu kwana huɗu. Da Injiniya ya kunna mata abin da ya ɗinke, babu haki ko ɗaya, ta girgiza kai.

"Wannan ba ni ba ce. Mayar da wasu."

Ya mayar. Ranar da aka sa shirin ana yayyafi. Auta ta shigo da shayi ta tarar barci ya ɗauke uwarta, tiyo a hanci, rediyo na magana da muryarta a hankali, tana tsayawa tana tashi. Ta ajiye kofin, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ta saurara har aka kai gaɓa.

Daga nan shirin ya koma sau ɗaya a mako, minti goma. Haka suka yi ta yi har damina biyu.