Ranar Ƙona Yahuza

Maritza na durƙushe a gindin matakala tana jan tef ɗin awo, ruwan wanke-wanke ya zubo daga sama ya fantsale mata takarda.

"Au, ban gan ki ba, injiniya," in ji Doña Nolfa, shugabar ƙungiyar unguwa, bokiti a hannu. Sarai ta gan ta.

Matakala hamsin da biyu ne daga gidajen tudun zuwa dandali, tsofaffi tun zamanin da jiragen ruwa ke cika gaɓar Valparaíso. Maritza ta zana gangare mai lanƙwasa huɗu, don keken guragu ya sauka ba sai an cicciɓe shi ba, amma zai cinye rabin matakalar. Gobe Litinin ne wa'adi. In ƙungiya ba ta sa hannu ba, hukuma za ta kai aikin wani tudun. Mahaifinta kuwa, Don Baldomero, tun da aka yanke masa ƙafa sai dai ya hango dandalin ta taga.

"Kakanninmu da ƙafa suka hau nan," Nolfa ta ce. "Ke don ubanki kaɗai za ki rushe mana tarihi? Karatun banza!"

"Tarihin da kike zuba wa ruwan kwano?"

"Rufe min baki, mara kunya. A bayana na goya ki."

Yau Lahadin Ista, ranar da unguwa ke ƙona mutum-mutumin Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, a dandali, kuma kowace shekara sai an ba shi kamannin wanda aka fi jin haushi. Da aka fito da shi daga gidan Nolfa, can ƙolin tudu, Maritza ta ɗaga kai ta duba. An sa masa hular ma'aikatan jirgi irin ta mahaifinta, an ƙulle ƙafar wando ɗaya, an ɗaure shi a kan wani tsohon keken guragu na ƙarfe. Mutane suka kwashe da dariya. Don Baldomero yana taga, bai janye labule ba.

Maza huɗu suka kama keken, har da Don Eleodoro, mijin Nolfa, mai shekara saba'in da taurin kai. Matakala goma na farko da waƙa aka sauke su. Daga nan waƙar ta koma nishi.

"Ɗaga naka ɓangaren mana, tsoho!"

"Ubanka ne tsoho! Wane jakin ne ya cusa masa yashi?"

A ta ashirin da uku gwiwar Eleodoro ta yi ƙara, ya zube yana kiran sunan Uwar Yesu. Ya gwada tashi, ya kasa. Motar asibiti iyakarta dandali, kowa ya san wannan. Ba shiri aka kwance Yahuza aka yar gefe, aka ɗora Eleodoro a keken. Sai dai mutum ya fi tsumma nauyi, kuma maɗaukan sun koma uku. Sauran jama'ar duk tsofaffi ne, matasa sun daɗe da komawa ƙasan tudu inda bas ke zuwa.

Nolfa ta duba hagu ta duba dama, idonta ya sauka kan Maritza.

"Ke 'yar nan, zo ki kama mana."

Maritza ta hau a hankali. Ta zaro takardar sa hannu daga jaka, ta miƙa mata da biro.

"Yanzu? Mijina na kuka kina min ciniki? Ba zan sa ba!"

"To ya ɗan zauna, Doña. Babana shekara uku ke nan yana zaune."

Ta ajiye takardar a cinyar Eleodoro, ta ɗora biron a kai. Sannan ta durƙusa kusa da tayar keken, ta ja tef ɗinta, ta ci gaba da awo.