Salatif ɗin Maigida

Duk wanda ya ce Iya ba ta iya kwamfuta ba, ƙarya yake yi. Gaskiya ne ba ta taɓa zama a aji ba, ko sunanta aka rubuta mata da manyan baƙaƙe ba za ta gane shi ba. Amma tsohuwar kwamfutar nan da ke kan tebur a kusurwar falo, kusa da taga, shekara da shekaru ita ke kunna ta, ita ke kashe ta, ba ta taɓa roƙon ɗan kowa ya zo ya taɓa mata ba.

Maigidanta ne ya yi mata dabarar tun yana da lafiyarsa. Aikin wayar lantarki ya yi duk rayuwarsa, akwatin kayan aikinsa ba ya rabuwa da salatif kala-kala. Da Auta, 'yarsu, za ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa, sai ta bar musu kwamfutar don su riƙa ganin juna. Maigida ya yanko salatif ƙanana kamar farcen jariri, ya manna a kan gilashin: ja a ƙasa ta hagu, kore a tsakiya, rawaya can sama ta dama.

"Ki ja linzamin nan har 'yar kibiyar ta ɓuya a ƙarƙashin ja, ki danna," in ji shi. "Sai kore, Auta ta fito. In kun gama surutunku, rawaya."

"To kai me ya sami hannunka?"

"Ni ba kullum nake gida ba. Kuma ke kika fi ni baki."

Daga baya ciwo ya zo ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganarsa. Kalma ɗaya tak ya bar masa: "To." Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa, kuma Iya tana rarrabe kowace. Idonsa ma ya yi rauni, in aka nuna masa fuska a wayar hannu sai ya kawar da kai. Gilashin kwamfutar ne kaɗai yake ganin mutum a ciki.

Saboda haka duk ƙarshen mako sai ya nuna farar rigarsa da hannun hagu. Iya ta aske masa gemu, ta sa masa rigar da hula, ta ja kujerarsa gaban tebur. Ja, kore, sai ga Auta da ɗanta. Yaron ya matso da fuska har hancinsa ya cika gilashin.

"Kaka, kana jin yunwa?"

"To."

"Kaka, kai ne ka cinye min biskit?"

"To!"

Yaron ya yi ta birgima don dariya, Maigida kuma kafaɗarsa mai lafiya na rawa. Dariyar nan ita yake ci har wani makon.

Ana nan sai kwamfutar ta fara gardama. A danna kore, ta yi ta juyi, ta yanke. Auta ta kira ta waya ta ce tsarin da ke ciki ya tsufa, manhajar kira ta daina jituwa da shi, sai an sa sabo. Iya ba ta san wanne ne marar lafiyar ba, akwatin ko gilashin, don haka ta naɗe su duka a bargo, ta sa mai tasi ya kai ta shagon wani mai gyara a bayan tashar mota. Da ta koma karɓa ta tarar ya riga ya naɗe mata su a bargonta, ta yi godiya har da sa albarka.

Sai da ta kwance bargon a gida gabanta ya faɗi. Gilashin fes, yana ƙyalli kamar madubi. Babu ja, babu kore, babu rawaya.

Ta ce ba komai, ai hannunta ya haddace wuraren. Ranar kira ta yi wa Maigida aski, ta sa masa riga da hula, ta kunna. Abin da ya fito ba ta taɓa ganinsa ba. Wani tsauni da ruwa a gindinsa, 'yan hotuna sun yi layi a ƙasa kamar masu jiran mota. Ta kai kibiya inda ja yake a da, ta danna, wani allo cike da rubutu ya buɗe. Ta danna inda kore yake, wani ya hau kansa. Ta yi ta dannawa har rubutu ya rufe tsaunin.

Wayarta ta yi ƙara. "Iya, tun ɗazu muke jira," in ji Auta. "Ki duba ƙasa, inda aka rubuta…"

"Rubutu? Ni kike gaya wa rubutu? Yau kika san ni?"

Ta jiyo yaron yana tambayar ina Kaka. Ta waiwaya. Maigida ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya cire hularsa, ya ɗora a gwiwa.

"To," in ji shi, can ƙasa-ƙasa.

Irin wannan "to" ɗin ba ta taɓa jinta ba. Washegari ya ƙi tashi daga gado, ya juya fuska bango, abinci ma sai da ta yi masa ɓaɓatu ya karɓi 'yan lomomi. Iya ta roƙi matar maƙwabcinsu ta zauna da shi, ta rungumi gilashin tsirara, ko bargo ba ta nema ba, ta fita.

Shagon ɗan kurkuku ne, fanka na kaɗa ƙura, matattun kwamfutoci jibge har rufi. Mai gyaran, wani magidanci mai tabarau, yana sunkuye yana hura wani allo, mutum biyu na zaune a benci suna jira. Iya ta dire gilashin a gabansa har sukurorinsa suka yi tsalle.

"Kai ɗan nan, ina salatif ɗina?"

"Sannu da zuwa, Mama. Wane salatif?"

"Wanda ka tarar a fuskar nan."

Ya yi murmushi irin na wanda ya yi abin kirki. "Au, wannan dattin? Ai kyauta na yi miki. Sai da na sa magani kafin ya fita, ya manne ƙam."

"Datti."

"Eh, Mama, ya…"

"Na ce maka ka goge? Na kawo maka marar lafiya ka ba shi magani, sai ka ƙwaƙule masa ido ka ce kwalliya ka yi masa? Wa ya aike ka? In ka shiga gidan mutane ka ga abu manne a bango, ba ka tambaya, sai ka kama kankarewa?"

Ɗaya daga cikin masu jiran ya ce, "Mama, a yi haƙuri."

"Kai kuma da wa? Taka kwamfutar ma ka tsaya a kanta, kar ka dawo ka tarar ya wanke ta da sabulu."

Mai gyaran ya cire tabarau ya goge. "Abin mai sauƙi ne, Mama. Bari in rubuta miki yadda za ki bi, ɗaya bayan ɗaya."

Iya ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Da ina karatu, uban me zan yi da salatif?"

Mai gyaran ya ajiye biron da ya ɗauko.

"Mijina ne ya manna su," in ji ta. "Da hannunsa na dama. Hannun nan yanzu ko cokali ba ya riƙewa. Jiya ya sa farar riga ya zauna jiran jikansa kamar mai jiran baƙo, baƙo bai zo ba. Yau yana can ya ba bango fuska. Ka mayar min da abina yadda yake. Tsohon nake so, da tsufansa da komai."

"In na mayar da tsohon, ba zai yi kira ba, Mama. Shi ya sa kika kawo ta."

"To sabon ma ai bai yi ba!"

Ya tsaya yana kallon gilashin da ya goge, sannan ya ba masu jiran haƙuri, ya ɗauki makulli ya ce su tafi gidan tare. Ya miƙa hannu zai ɗaukar mata gilashin, ta riga shi.

"Ka taɓa ya isa."

A gida ya haɗa wayoyi ya kunna, ya rurrufe tarin allunan da ta buɗe. Ya daɗe yana danne-danne, Iya na tsaye a kansa, hannu a ƙugu. Can ya nuna mata wasu 'yan hotuna biyu da ya ware a kan tsaunin.

"Wannan, danna ɗaya, zai kira 'yarki kai tsaye. Wannan kuma na kashewa ne. Sabon tsarin ya rage miki aiki, ba sai kin bi ta kore ba. Akwai sauran salatif a gidan?"

Ta jawo akwatin kayan aikin Maigida daga ƙarƙashin gado. Tun da ciwo ya zo ba wanda ya buɗe shi. Ga filaya, ga sukundireba mai ɗaurarren mariƙi, ga salatif ɗin nan a jere a jikin waya kamar awarwaro. Mai gyaran ya yanko guntun ja da kore da rawaya ya manna a gefen tebur, ya ɗauki jan, ya nufi gilashin. Iya ta make masa hannu.

"Ba kai ba."

Ta shiga ɗaki. Maigida na nan yadda ta bar shi.

"Tashi, malam mai lantarki, aiki ya samu," in ji ta. "Wani gwani ya kankare maka aikinka, ga shi can a falo yana jiran ka nuna masa yadda ake yi."

Bai motsa ba. Ta ɗora masa naɗin jan salatif a tafin hannun hagu. Yatsunsa suka rufe a kai, babban yatsa ya shiga lalubar bakin salatif ɗin da kansa, yadda ya saba. Ya juyo.

Ita da mai gyaran suka kama shi zuwa kujera. Mai gyaran ya durƙusa ya gaishe shi, "Baba, ni ne mai laifin," ya manna masa ɗan guntun ja a kan yatsa, ya nuna masa hoton kira. "Nan, Baba."

Hannun ya tashi yana rawa. Ya nufi wurin, ya kauce, ya dawo, ya sake kaucewa. Iya ta matse hannayenta a bayanta don kar su kai masa ɗauki. Da ƙyar yatsan ya sauka, ya danne. Salatif ɗin ya zauna a karkace, can gefe, a kan ruwan da ke gindin tsauni, inda babu komai.

Maigida ya ga inda ya sauka. Kansa ya fara sunkuyawa.

Mai gyaran ya matso kusa da tebur. Ya kama linzami, ya ɗauko hoton kiran da 'yar kibiya, ya ja shi a hankali ya tsallaka tsaunin, ya shigar da shi ƙarƙashin jan salatif, daidai wa daida.

"Yawwa," in ji shi. "Da ma nan ya fi dacewa da shi."

Rawayan ya ma fi karkacewa, hoton kashewa ya bi shi har can. Sannan mai gyaran ya yi wani abu ya ce ya kafe su, ba za su ƙara gusawa ba.

"In suka gusa, na san shagonka," in ji Iya.

"Na sani, Mama."

Ta zauna, ta kama linzami. Kibiya ta ɓuya a ƙarƙashin ja, ta danna. Kwamfutar ta yi ƙara, ta sake yi, sai ga Auta da ɗankwali a karkace, tana cewa, "Iya? Lafiya? Yau ai ba ranar…" Ba ta ƙarasa ba hanci ya cika gilashin.

"Kaka! Ina ka shiga jiya? Ɓuya ka yi?"

"To!"

"Ina hularka? Kanka kamar ƙwai!"

Kafaɗar Maigida ta kama rawa. Iya ta tashi da sauri ta ɗauko hular ta kifa masa, tana faɗa wa yaron ya bar zagin mijin mutane. Mai gyaran ya tattara jakarsa zai sulale.

"Kai ɗan nan, ina za ka? Zauna ka sha ruwa. Ba a shigo min gida a fita da busasshen maƙogwaro, ko da mai kankare-kankare ne."

Ta juya za ta kicin, sai ta ji an riƙe mata zane. Maigida ne. Guntun koren da mai gyaran ya yanka tun farko yana manne a gefen tebur, ba a yi amfani da shi ba. Ya ɓamɓaro shi da farce, ya jawo hannunta, ya manna mata a bayan hannu, ya danne da babban yatsa sosai yadda yake danne aikinsa.

"Wannan kuma fa? Ni ce za a danna in fito?"

"To," in ji shi.

"Ji min tsoho da neman magana," in ji Iya.

Ta wuce kicin tana mita. Da ta zo ɗauraye kofi, sai ta ɗaga wannan hannun sama, ta ɗauraye da ɗayan.