Rubutun Zakiyyu

Kwana uku ke nan da 'yan sanda suka tafi da Zakiyyu, wai don kare lafiyarsa. Rubutu ya yi a waya yana yi wa masu zuwa karatun malamin unguwarsu ba'a. Kafin la'asar samari sun cika ƙofar gidansu da duwatsu a hannu.

Yayansa Sha'aban, mai sayar da awaki a kasuwar Daura, shi ke kai masa abinci ofishin 'yan sanda. Ranar nan ya ajiye kwanon, ya zauna a benci.

"Yaya, ban zagi Allah ba, ban zagi Annabi ba," in ji Zakiyyu. "Ra'ayina na faɗa, kuma doka ta ba ni wannan 'yancin."

"Na karanta," Sha'aban ya ce. "Iya ma an karanta mata. Shekara ashirin tana zuwa karatun nan, ka ce masu zama can tumaki ne."

"Ba da ita nake ba."

"Ba ta ce komai ba. Ta dai daina fita."

Zakiyyu ya sunkuyar da kai. "To abin da na yi ya kai a jefe ni?"

"Bai kai ba."

"Ke nan ina da gaskiya?"

"Ban sani ba," in ji Sha'aban.

Bayan mako guda aka saki Zakiyyu, dattawan unguwa suka ce gara ya bar gari. Sha'aban ya sa shi a motar Kano, ya tsaya a tasha yana jiran ya ji baƙin ciki, ko sauƙi. Bai ji komai ba.