Saƙon Murya Zuwa Gindin Tsamiya

Ana idar da sallar la'asar mai kemis ya zo da kansa har shagon ɗinkin Ɗahiru a Dukawuya, yana haki. Ya ce an yi kuskure: ƙwayoyin da Ɗahiru ya saya da safe ya aika wa mahaifinsa ƙauye, na wani mai ciwon suga ne. Tsohon ba shi da suga. In ya sha, sai abin da Allah Ya yi.

Ɗahiru ya zaro wayarsa. Ya san Baba ba ya shan magani sai bayan magariba, ya kuma san garinsu babu sabis sai a gindin wata tsamiya a bayan gari. Can ƙanwarsa Larai take zuwa da yamma ta duba waya. Ya kira, ba ta shiga. Larai ba ta karatun boko, don haka sai saƙon murya.

To, ga inda wautar take. Mutum ne mai tarbiyya, ya san za a kunna wa Baba saƙon a gaban mutane. Sai ya fara da sallama, ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya tambayi gona da jikin liman, bai zo kan magani ba sai can ƙarshe. Gaisuwa ba laifi ba ce, amma komai da lokacinsa.

Ya koma gida yana ta duban waya. Rana ta yi ja. Can kiran Larai ya shigo, muryarta tana yankewa. Abin da ya iya ji kawai shi ne saƙon yana ta juyawa, ya ƙi buɗewa. Kafin ya ce uffan, layin ya katse.

Matarsa Khadija ta karɓi wayar ta duba tsawon saƙon.

"Malam, huɗuba ka aika? Sabis ɗin tsamiya ba zai ɗauki wannan ba. Faɗi abu ɗaya."

"Ba gaisuwa? Baba ne fa."

"In yana da rai ka gaishe shi gobe."

Ya danna, ya ɗauki sabon saƙo. "Larai, kada Baba ya sha maganin nan."

Ladan ya fara gyaran murya. Ɗahiru bai ko iya tashi alwala ba, sai da wayar ta yi ƙara. Muryar Larai ce, da ƙyar take numfashi.

"Na ji, Yaya. Ga ni nan ina gudu gida."