Bugun Malam Isyaku

"Sun ƙi ci," in ji Ɗahiru, yana tsaye da ƙwaryar abincin kifi a bakin kwatamin siminti. "Tun shekaranjiya nake watsa musu, ko motsi."

Malam Isyaku yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To kai da wannan fuskar taka, wane kifi ne zai fito?"

Tun suna samari suke maƙwabta a Madabo, tare kuma suka yi sana'ar bugun shadda, gungume ɗaya, sanda biyu. Da ƙarfi ya ƙare, Malam Isyaku ya ba da kangon bayan gidansa ga mutanen jami'a, suka gina kwatami, suka zuba 'ya'yan tarwaɗa. Shekarar nan ce soja suka miƙa mulki ga farar hula, kowa yana zancen sabon abu. Malama Bahijja, wadda take kula da aikin, ta ce in kifin nan suka girma, za a gina wa sauran gidajen unguwa nasu. In suka mutu, aikin ya koma wani gari.

Ga shi ciwo ya kwantar da mai gida, kifi sun yi yajin cin abinci.

"Ɗauko sandar bugu a zaure," in ji Malam Isyaku. "Malama ce ta ce kifi yana sabawa da ƙara, in riƙa yi musu sauti ɗaya kafin abinci. Ni kuwa wane sauti na sani in ba na bugu ba?"

Ɗahiru ya ɗauko, ya buga a kututturen da ke gefen kwatami. Shiru.

"Kana bugu kamar mai kashe kunama! Ba ni ɗayar."

Aka jingina shi da bango, aka jawo masa kututturen. Ya sauke sanda, Ɗahiru ya amsa, ya sauke, ya amsa. Hannu bai manta ba. Sai ruwa ya hau tafasa, baƙaƙen kawuna masu gashin baki suka cika sama.

"Ka gani? Ni suke jira, ba kai ba."

Luba, matar Malam Isyaku, ta leƙo daga tsakar gida ta rangaɗa guɗa.

Ranar kwasar kifi, Malama Bahijja ta zo da sikeli. Ta ɗaga wata tarwaɗa, ta ce, "Baba, me kake ba su bayan abincinmu?"

"Kiɗa," in ji Malam Isyaku.

Ta yi dariya, ta ce bayan Sallah za a fara gina wa maƙwabta nasu kwatamin. Luba ta yi farfesu, aka kai gida-gida. Malam Isyaku ya kurɓi romo kaɗan, ya ce yaji bai ji ba, ya ƙara kurɓa.

Ran Juma'a da hantsi Allah ya yi masa rasuwa, Ɗahiru yana riƙe da hannunsa.

Bayan sadakar uku aka zuba sababbin 'ya'yan kifi. Ɗahiru ya zauna da la'asar a gaban kututture. Ya buga, ya dakata daidai inda sandar abokinsa take sauka, ya sake bugawa. A cikin wannan ɗan shirun, ruwa ya fara motsi.