Ƙwallon Tsakiya na Babba Ne

A duk Koriya babu ƙungiyar badminton da ta kai ta kamfanin gwangwanin kifi na Shugaba Eom tarbiyya. Kofi kam ba ta taɓa ɗauka ba, amma Shugaba ya ce kofi ko maras kunya yana iya ɗauka. Abin alfaharinsa shi ne shekara ashirin da biyu ba a taɓa ganin ƙarami ya sha gaban babba a filinsa ba.

Pyo Dong-geun ya shekara goma sha ɗaya yana wasan bibbiyu a wannan ƙungiya tare da Maeng Sang-cheol. Wata huɗu kacal Maeng ya ba shi, sai dai watannin sun faɗo inda suka raba su aji a makaranta, don haka Maeng yaya ne har kabari. Ƙa'idarsu ba ta da wuya. Ƙwallon da ya zo dama na mai dama ne, na hagu na mai hagu. Wanda ya faɗo tsakiya na babba ne.

Da can wannan bai dami kowa ba, don Maeng yana da gwiwa. Tun da aka yi mata aiki karo na biyu, sai ya zama yana isa tsakiya bayan ƙwallon ya sauka ya huta. Pyo, wanda taku ɗaya zai kai shi wurin, yakan tsaya da raket a hannu yana kallon ƙwallon nan na gashin tsuntsu yana gangarowa, cikin ladabi. Ƙasar duka ta gane. Ko 'yan sakandare aka haɗa su da su, ba sa wahalar da kansu neman kusurwa, tsakiya kawai suke bugowa.

Ana nan sai kamfani ya sanar cewa in ba su shiga sahun takwas na ƙarshe a gasar kaka ta garin Miryang ba, za a rufe sashen bibbiyu. Pyo yana da shekara talatin da uku, da mata da 'ya, kuma tun yana ɗan tara bai koyi komai ba sai dukan gashin tsuntsu. Ya gayyaci Maeng cin taliya mai sanyi, ya yi ta kewaye-kewaye, har ya kai ga maganar. Maeng mutumin kirki ne. Ya ce ba komai, Pyo ya riƙa ɗaukar na tsakiya, amma kada a zubar masa da girma a gaban jama'a.

"Ka dai riƙa tambaya," in ji shi.

"Yaya, kafin a fara wasa?"

"Kowane ƙwallo da tambayarsa, Dong-geun. Kai ma wata rana za ka girma."

Haka aka yi a Miryang. Ƙwallo yana sama, sai a ji Pyo ya ce, "Yaya, da izininka," Maeng ya ce, "Ɗauka," sannan raket ya tashi. In an ɗaga ƙwallon sama sosai, har lokacin godiya ake samu. Abokan karawarsu na farko sun ruɗe, suna zaton wata dabara ce daga ƙasar waje. Na biyu dariya ta cinye su.

A wasa na uku, wanda shi ne mai yanke hukunci, suna da maki ashirin, saura ɗaya su ci wasa, abokan karawa sha tara, wani dogon yaro ya tashi sama ya sauke ƙwallon tsakiya da ƙarfin da ya fi magana sauri. Hannun Pyo bai jira bakinsa ba. Ƙwallon ya koma ya faɗi bayan raga, alƙali ya ce an gama. Pyo ya juya ya rusuna wa Maeng yana ba da haƙuri, 'yan kallo suna tafi.

Shugaba Eom ba ya saɓa alkawari, don haka sashen bibbiyu ya tsira. Saura maganar tarbiyya. Manyan kamfani suka zauna suka kalli hoton wasan sau bakwai, ana rage gudunsa, ana neman inda leɓen Pyo ya motsa. Bai motsa ba. Maeng ya tashi ya rantse cewa ya ba da izini a zuciyarsa tun ƙwallon bai baro raket ɗin yaron ba. Wannan ya taɓa Shugaba ƙwarai. Ya ce irin wannan dattaku shi ake nema, ya ƙara wa Maeng shekara biyu a takardar kwantiraginsa. Pyo kuwa ba a sabunta tasa takardar ba. An samo wa Maeng wani sabon abokin wasa ɗan shekara arba'in da ɗaya mai ciwon baya, don kada irin haka ta sake faruwa.

An yi wa Pyo liyafar bankwana a gidan gashin nama, Shugaba ya yi jawabi mai tsawo a kan makomarsa mai haske. Da yake shi ne ƙarami a teburin, almakashi da abin juya nama a hannunsa suke. Ya yanka, ya juya, ya zuba wa kowa nasa da hannu biyu. Da jawabin ya yi nisa, wasu yankan suka ƙone. Ya tattara su a hankali zuwa nasa farantin.